Gajerar Akuyar da na Ɗauko Daga Dahome

A shekarar da aka ce motoci su bar hannun hagu su koma hannun dama na je Dahome neman akuya. Tun da na dawo ban huta ba. 'Yan ajinmu na yaƙi da jahilci a Unguwar Kanawa, da masu kawo mini wankin hula, kowa tambayarsa ɗaya: "Malam Idi, yaya Dahome?" In na fara ba da labari, da an zo wurin takalmi sai dariya ta ɓarke, ba a bari in kai ƙarshe. Shi ya sa na ce bari in rubuta, tun da hannu ya fara faɗawa. Takarda ba ta katse mutum.

Ga mafarin abin. Bayan rasuwar mahaifina na ɗauko Inna daga ƙauyenmu na ƙasar Zamfara, na kawo ta gidana a Rafin Guza. Ta zo da jajayen awakinta uku, irin namu masu dogayen ƙafafu da fata mai sheƙi, wadda dukawa ke rububi. Damina ɗaya ta Kaduna ta gama da su. Tari da majina da zawo, ɗaya bayan ɗaya. Ranar da ta ƙarshe ta mutu Inna ba ta yi kuka ba. Ta ƙulle kayanta a tsohon zane, ta ajiye ƙunshin a bakin ƙofar ɗakinta.

Ta ce, "Idi, garin da akuya ta ƙi, mi mutum ka nema ciki? Ruwa na sauka gida za ni."

To, a gida babu wanda zai ba ta ko ruwan alwala. Ɗakinta na ƙauye ya rushe, idonta ɗaya ya fara hazo. Na yi lallashi, matata Saude ta yi. Kullum za mu wuce sai mun tsallake wannan ƙunshi.

Ina cikin wannan hali Tanko direba ya kawo hulunansa. Bakatsine ne, yana jan babbar mota mai bodin katako, yana kai albasa kudu. Da ya ji damuwata ya ce, "Haba Malam Idi, ai wannan ba abin rama ba ne. A kurmi akwai awakin da ruwa ba ya kashewa. A cikin ruwan aka haife su. Ƙudan tsando ya cije su, shi zai kwanta ciwo. Biyu-biyu suke haihuwa, wani lokaci uku."

Na ce, "A Badun?"

Ya ce, "Na Badun an gauraya su. In asali kake so, sai Dahome. Jibi zan tashi."

Na sayar da kekena, na bar wa maƙwabcina hulunan mutane amana, na gaya wa Inna ta ba ni kwanaki kaɗan. Ta ce ruwa ba ya jiran kowa.

Mun kama hanyar Tegina da sassafe, ina gaban mota kusa da Tanko, ƙamshin albasa ya riga ya shiga rigata. An lilliƙa takardu a jikin motoci ana tuna wa direbobi hannun dama. Tanko yana tuƙi yana faɗa wa kansa, "Dama, Tanko, dama, hannun cin tuwo." In ya shiga hira sai motar ta koma inda ta saba. Aikina a tafiyar nan shi ne in riƙa cewa, "Tuwo, Tanko!" Na faɗa har maƙogwarona ya bushe.

A Jabba muka yi dogon zama. Gada ɗaya ce, jirgin ƙasa da mota duk a kanta suke bi, kuma jirgi ne babba. Muka jira shi ya zo, muka jira shi ya huta, muka jira shi ya wuce. Tanko ya yi ta tsaki. Ni kuwa mai wankin hula ne, na saba jiran abu ya bushe.

Bayan mun haye kogin Kwara na fara ganin abin mamaki. A kowane gari ga 'yan awaki kwance a tsakiyar kwalta, baƙaƙe da masu dabbare-dabbare, cikinsu dam kamar tulu, ƙafafu kamar an yanke rabi. Ba igiya, ba mai kiwo. Motoci na kauce musu hagu da dama. Su dai ba su ji sanarwar hannun dama a rediyo ba, kuma babu ɗan sandan da ya tsare su.

Na ce, "Tanko, mutanen nan ba su da tausayi. Ina iyayen waɗannan?"

Ya ce, "Iyayen wa?"

"'Yan awakin nan. Tun ɗazu ban ga babba ko ɗaya ba."

Tanko ya yi dariya har motar ta koma hagu. Ya ce, "Ai su ne iyayen! Waccan mai gemu ta yi jika. Abin da ka baro Kaduna dominsa ke nan."

Na tuna kekena.

A Badun muka sauka a Sabo, unguwar Hausawa, gidan wani fatoma mai saukar da fatake. Ɗaki ɗaya, baƙi kamar buhunan gero. Da rana na fita neman abinci wajen unguwa, aka zubo mini wani baƙin tuwo na garin doya. Na ɗauka ƙonewa ya yi, na mayar cikin ladabi. Mai abincin ta ƙara mini wani a kai, ta ɗauka raina shi na yi. Miyar kuwa 'yar'uwar lalo ce, sai dai barkonon ya fi miyar yawa. Na ci ina hawaye, tana yi mini sannu da yarensu, tana jin daɗi.

Abu ɗaya ya burge ni a ƙasar Yarbawa. Saurayi da wandon Turawa zai ga dattijo, ya kwanta rub da ciki a ƙasa ya gaishe shi. Mu durƙusawa muke yi, shi ma yaran yanzu gwiwarsu ta fara ciwo.

A kan iyaka Tanko ya ce ni ɗan lodinsa ne. Jandarman Dahome ya dubi furfurata, ya dubi buhunan, ya yi magana da Faransanci. Tanko ya sauke masa albasa cikin kwano, sai na zama ɗan lodi. Amma ba mu wuce ba, domin rana ta take, kuma a ƙasar nan in rana ta take gwamnati barci take yi. Aka rufe taga. Muka zauna gindin bishiya har gwamnati ta farka. Da muka shiga, Tanko ya ce, "Ka ga nan, tun fil azal a dama suke." A nan ne kuma ya fi mantawa.

Garin da muka sauke albasa bai yi nisa da iyaka ba. Mai masaukinmu a zango shi ne Alhaji Bawa, jikan wani Bakano da fatauci ya kawo, Hausarsa ta ɗan karkace kamar tsohuwar katanga. Matarsa 'yar ƙasar ce, kowa Iya yake ce mata. Aka kawo mana burodi dogo kamar sandar makiyayi, mai taurin da zai kori kare, da kafa, wato agidi, a naɗe cikin ganye, da kifi a manja.

Na gaya wa Alhaji abin da ya kawo ni. Na kuma gaya masa shirina. Na ce na lura awakin nan yunwa ce ta tsumburar da su. In na kai su Kaduna na haɗa su da harawa da dusa da kanwa, kafin shekara za su miƙe.

Ya ce, "Malam, kakana ma haka ya ce. Ya yi ta ba su kanwa har ya mutu. Faɗi suka ƙara." Ya ce tun kafin zuwan kowa suke nan a kurmi. Namu na arewa sai sun yi tafiya mai nisa kafin su cika ciki, shi ya sa Allah ya ba su ƙafa. Waɗannan abincinsu na bakin ƙofa, ɓawon rogo da na doya da ganye ko ta ina. Me za su yi da ƙafa? Tsawonsu bai wuce gwiwa ba, mace da namiji duk da ɗan ƙaho, kuma ba su da lokacin haihuwa, rani da damina duk ɗaya.

Na ce, "Nono fa? Inna tana son ɗan abin da za ta dama fura."

Alhaji ya fassara wa Iya. Ta ajiye ludayi, ta kira maƙwabciyarta ta katanga, ta maimaita mata, su biyu suka yi ta dariya suna tafa hannu. Ashe a ƙasar nan ba a tatsar akuya. Wai nonon na 'ya'yanta ne, su ma da ƙyar yake isarsu. Iya ta sa a tambaye ni ko a garinmu har kaza muke tatsa.

Da na je kasuwa sai na tarar bunsuraye kawai ake sayarwa. Matan awakin suna gida, kuma na matan gida ne. Maigida ba shi da ikon taɓa su. Kowace mace tana tsaga kunnen akuyarta da irin shaidarta, ta sake ta. Da yamma kowace akuya ta san ƙofar da za a zubar mata da ɓawo. Ba wadda za ta sayar maka da mai haihuwa don ka nuna kuɗi. Na yi yawo gida-gida, ana ba ni kujera da ruwa da haƙuri.

Iya ce ta cece ni. Alhaji ya ba ta labarin ƙunshin Inna. Iya ta ce ita ma uwarta haka ta yi, ta koma ƙauye, ba ta shekara ba. Ta fitar mini da mata biyu daga nata, baƙa da mai fari a goshi. Na ƙara da bunsuru daga kasuwa, wani ɗan dunƙule mai wari kamar na manya uku.

Da za mu tashi ta riƙe hannun rigata, Alhaji yana fassara. Ta ce, "Kada ka ɗaure su. Ba su san igiya ba. Ka sa su a kwando, ka riƙa ba su ɓawo da hannunka har su san ka. In sun san hannu, ba sa zuwa ko'ina."

Na yi godiya. A raina kuwa na ce, mu da muka gaji turke tun kaka da kakanni, za a koya mana riƙon akuya? Muna fita gari na ciro igiyar rama sabuwa da na taho da ita tun daga Kaduna, na ɗaura wa kowace a wuya, na ɗaure a jikin katakon mota.

A ɓangarenmu na iyaka muka tarar da wani ɗan kwastan, da jin bakinsa Basakkwace ne. Na ji sanyi a raina, na ce ga na gida. Ya leƙa mota, ya ɓata rai.

"Malam, ba ka tsoron Allah? Ina uwassu?"

Na ce, "Ranka ya daɗe, su ne uwayen." Na ji daɗin faɗin haka, domin ni ma kwanan nan na sani.

Ya ce shi an haife shi cikin awaki, kada in raina masa hankali. Na buɗe masa bakin baƙar ya ga haƙora. Ya daɗe yana kallo. Daga nan ya ce to, dabbar wata ƙasa ba ta shiga sai likitan dabbobi ya duba, amma tun da ni na gida ne, ɗaya za a duba a madadin sauran. Ya zaɓi bunsurun. Muka jira likita. Likita bai zo ba, amma na ga wani yana wasa wuƙa a bayan ofis, wata kuma tana jajjaga. Tanko ya ce, "Malam Idi, mu tafi. An fara duba shi."

A Badun Tanko ya yi lodin huhunan goro. Ni na koma baya na zauna da awakina. Tun daga Dahome suke ja da igiya, suna kuka kamar ana yanka jariri, sun ƙi cin harawar da na ɗauko musu. Na ɗan gyangyaɗa. Da na farka sun huda huhu ɗaya, sun cinye ganyen da aka naɗe goron, goro yana shan iska. Hulata kuma, kube mai aikin hannu wadda nake ajiyewa don Juma'a, rabinta na bakin mai farin goshi. Shekara da shekaru ina wanke hulunan mutane, ban taɓa ɓata ta kowa ba. Tawa akuya ta ci.

Yanzu ga wurin takalmin. Mun tsaya a wani gari kafin Ilori don yin azahar. Na sauko da su su sha ruwa. Abin da ban lura ba shi ne, akuyar nan wuyanta da kanta kusan kauri ɗaya ne. Mai farin goshi ta ja da baya, ta sunkuyar da kai, igiya ta zame kamar an cire mata riga. Ta shige ƙarƙashin teburin mai tumatir. Na bi ta. Ta fita ta ƙarƙashin na mai kifi. Gajeren abu ba ya zagaye, shigewa yake yi, ni kuwa sai na zagaya. Na taka kwata, takalmina na dama ya zauna a ciki. Na fito bayan kasuwa na tarar da awaki sun fi ashirin, duk tsawo ɗaya, rabinsu da fari a goshi. Na yi bismilla na rungumi wadda ta fi kama.

Ban yi taku uku ba wata mata ta ƙwalla ihu. Ban san yarensu ba, amma ihun ɓarawo ko'ina iri ɗaya ne. Kafin in ajiye akuyar an kewaye ni. Matar ta kama kunnen akuyar tana nuna wa jama'a tsagar, ta kama nawa kunnen ma. Ga ni ba hula, takalmi ɗaya, rungume da akuyar mutane.

Sai wani dattijo Bayarabe ya ratso taron da sandarsa. Ya dubi tsagen fuskata, ya ce da Hausa, "Kai, Bagobiri ne?"

Zan ce Bazamfare, Tanko da ya iso yana haki ya taka mini ƙafar da ba takalmi. Ya ce, "Bagobiri ne, Baba, na asali."

Dattijon ya fashe da dariya. Kun san wasan da ke tsakanin Yarbawa da Gobirawa. Ya juya ya yi wa jama'a bayani, taron ya koma dariya, har matar ta sake mini kunne. Ya ce, "Bawana ne, ku ƙyale shi. Yunwa ce ta koro shi, a garinsu ba su taɓa ganin nama ba." Na ce to, a taimaka a nemo mini tawa, mai tsagar Dahome a kunne. Ya ce, "Za a nemo. Amma abin da bawa ya mallaka na wa ne?" Aka sake dariya. Ni ma na yi, don ba ni da wata sana'ar a lokacin.

Muka bar garin da akuya ɗaya. Na kwance igiyar na jefar. Na sayi kwando da ɓawon rogo, na riƙa ba baƙar da hannuna, yadda Iya ta ce. Kafin mu kai Jabba ta daina kuka. Kafin Tegina tana barci a kan ƙafata.

Mun shigo Kaduna hadari ya haɗu a gabas. Na shiga gida da kwando a ka. Ƙunshin Inna yana nan a bakin ƙofa, har ta ɗora buta a kai. Na sauke kwando a tsakar gida, baƙar ta fito, ta girgiza, ta tsaya da cikinta kamar randa.

Inna ta matso da idonta mai kyau. Ta zagaya ta. Ta ce, "Idi, wagga akuya ta, ko kwaɗo?"

Na ce, "Akuya ce, Inna. Ruwa ba ya kashe ta."

"Ina sauran ƙafafun? Can ka baro su?"

Saude ta fito daga madafa tana goge hannu. Ta dubi akuyar, ta dube ni, ta ce, "Malam, ai irin na Abakpa ce."

Na ce, "Wace Abakpa?"

"Abakpa dai da ka sani, nan cikin Kaduna. Matan sojojin nan 'yan kudu, ai su suke kiwo. Suna nan bakin hanya kullum."

Shekara nawa ina bi ta Abakpa a kan keke ina kai huluna. Ina ganinsu. Kullum in na wuce sai in ce a raina, mutanen nan ba su da tausayi, ina iyayen waɗannan?

Inna ta ɗauko turke da igiya. Na ce ba a ɗaure ta. Ta ce, "Ba a tatsa, ba a ɗaurewa, fata ba ta isa jaka. To mi a ka yi da ita?" Na ce haihuwa take yi. Ta ce ɓera ma yana yi.

Ruwa ya sauka washegari, kamar da bakin ƙwarya. Na zauna ina jiran Inna ta ce in kai ta tasha. Akuyar kuwa ta fita tsakiyar ruwan tana cin ganyen da iska ta kaɗo. Inna tana daga ƙofa tana kallonta, tana jiran tari. Aka kwana, aka wuni, ba tari. Aka yi mako, ba majina. Ta ce bari ta ga iyakar ƙarya.

Ashe wannan ciki ba na gado kaɗai ba ne. Wata safiya muka tarar da 'ya'ya uku a bayan murhu, kowane bai fi tafin hannuna ba. Na ukun bai samu nono ba, uwar ba ta da na uku. Inna ta tsuguna a kansa ta daɗe. Sai ta tashi, ta je bakin ƙofa, ta sauke buta, ta kwance ƙunshin nan. Ta ciro tsohon kallabi ta naɗe shi, ta ciro ɗan ƙoƙon da take ba 'yan awakinta kunu a gida. Sauran kayan ta ce Saude ta shigar mata ɗaki, suna tare hanya.

Na ce, "Inna, tafiyar fa?"

Ta ce, "In shiga garinmu da wagga aba, a yi mini dariya har kabari? Kuma in bar su hannun matarka, da ba ta san gaban akuya da bayanta ba?"

Saude ta ce, "Na gode, Inna."

Yanzu damina biyu ke nan. In lokacin barbara ya yi, Saude ce ke aro bunsuru a Abakpa, ta je ta dawo kafin tuwo ya nuna. Inna tana ba su kanwa kullum. Ta ce za su miƙe.

Masu tambaya, ga abin da tafiyar ta ci: keke ɗaya, bunsuru ɗaya, akuya ɗaya, huhun goro ɗaya, hula ɗaya, igiya sabuwa, masu kawo wanki huɗu da suka saba da maƙwabcina, da takalmi ƙafa ɗaya, na hannun dama.